Awa Guda Tsakanin Lisbon da Frankfurt

Da littafin taswira na sauka a Riyad. Waɗanda muka zo tare, wani ya ƙunso yaji, wani kuka da daddawa. Ni kuwa na ɗauko tsohon littafin da na yi shekara goma sha ɗaya ina koyar da labarin ƙasa da shi a wata sakandare a Funtuwa. Ejan ɗin da ya yi mini biza a Kano ya rantse cewa wata makarantar kuɗi ce ke neman malamin Turanci. "In kuma suka ga ka iya labarin ƙasa, Malam, ai sai abin da ka ce."

Sai da iƙamata ta fito, wato katin zama, na ga sana'ar da aka rubuta mini: direba. Na kira ejan, ya ce kuskuren ofis ne, za a gyara. Na sake kira, ya ce in ƙara haƙuri. A kira na uku wata mata ce ta ɗauka, ta ce ita dai waina take sayarwa, in ina so in zo da wuri.

A gaskiya mutumin bai yi ƙarya duka ba. Makaranta ya ce, makaranta kuwa na samu. Kullum da sassafe nakan kwashi yara goma sha huɗu a ƙaramar bas daga lungunan unguwar Suwaidi in sauke su a ƙofar makarantarsu, da azahar in dawo in jira su a inuwar katanga tare da sauran direbobi. Ta taga nakan jiyo wani malami yana daka wa 'yan aji tsawa, in ji kewar tsawar nan kamar kewar tuwon gida. Yaran "Muhammad" suke kirana, kamar yadda suke kiran kowane baƙo, alhali sunana Habu. Matata Hajara kuwa na gaya mata ina aiki a makaranta, ɓangaren sufuri. Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki. Na lura mai ilimi bai cika ba da ƙarya ɗanya ba, sai ya dafa ta.

A unguwar Manfuha na sami makwanci, ɗaki biyu, mu bakwai. Mutum biyu daga ciki ne labarin nan ya shafa. Akwai Sale Birkila, mutumin Kano, wanda in ya buɗe baki sai ka duba jikinka ko ka yanke. Akwai kuma Baba Isuhu, mutumin Tasawa ta jihar Maraɗi, dattijon da ya ba sittin baya, shekararsa goma sha uku yana shara da dafa shayi a wani shagon darduma a Suwaidi. Shi ya ba ni katifa ranar da na zo. Da zazzaɓi ya kayar da ni a watana na biyu, shi ya kwance ƙullin geron da yake tattali tun daga gida ya dama mini kunu, ya zauna a kaina har na shanye. Bai yi boko ba, ko sunansa da yatsa yake dangwalawa, amma yana girmama takarda kamar yadda ake girmama suruki.

Wata Juma'a bayan mun ci shinkafa, ina kwance ina duba littafina, sai Sale ya ce, "Malam, duk garuruwan nan da kake shafawa da yatsa, akwai wanda ƙafarka ta taka kuwa? Ko kai ma irinmu ne, daga Kano sai nan?"

Aka kwashe da dariya. A makon nan wani yaro ya jefe ni da kwalin lemo a ƙeya ina tuƙi, na kuma ce masa ya yi haƙuri. Ban kawo wannan don ya zama uzuri ba, na kawo shi ne don a san a irin ƙasar da irin ya faɗa.

"Na yi wata uku a Jamus," na ce. "Kwas aka tura mu. Frankfurt."

Wannan karon ɗanya na bayar, ko wankewa ban yi ba. Ɗakin ya yi tsit, tsit ɗin kuwa ya yi mini daɗi. Daga ranar na zama Malam na Jamus. Aka riƙa tambayata yadda ƙanƙara ke zuba, da ko gaskiya ne jirgin ƙasansu ba ya makara, ni kuma ina amsawa daga abin da na karanta. Mutumin da ake kira Muhammad daga safe zuwa azahar, da yamma sai ga shi ana matsa masa wuri a tabarma.

A shekarata ta huɗu, bayan an mayar da hutun mako Juma'a da Asabar, maganar Laminu ta taso. Laminu shi ne ɗan Baba na fari. Ya bar Tasawa ta Agadas, ya bi Libiya, ya ƙetare teku a irin kwalekwalen da ba a so a tuna, ya ƙare a kudancin Fotugal yana tsinkar 'ya'yan itace a cikin rumfunan leda. Rabonsa da ubansa shekara tara. A shekarar ce ya sami takardun zama, ya kuma sami hutun kwana goma. Amma Riyad ba za ta karɓi Laminu ba, Fotugal ba za ta karɓi Baba ba, gida kuwa fasfon Baba na cikin durowar kafilinsa, wato Balaraben da ya tsaya masa, wanda kowace shekara yake cewa baɗi in sha Allah. Wuri guda ne a duniya takardar uba da ta ɗa za su iya haɗuwa: Makka. Laminu ya nemi bizar Umra ya samu. Baba ya yi wata uku yana roƙon kafilin nan, Abu Fahad, kafin ya ba shi daga la'asar ɗin wata Alhamis zuwa safiyar Lahadi. In aka cire tafiyar mota, kwana biyu ke nan. Shekara tara, kwana biyu.

Wani abokin aikin Laminu ya saya masa tikiti mai araha daga Lisbon zuwa Frankfurt, ƙarfe takwas na safe ranar Alhamis ɗin. Na Frankfurt zuwa Jidda kuwa Baba ya ce shi zai saya wa ɗansa da guminsa. Ya same ni da yamma, ya durƙusa kusa da katifata, ya yi magana da irin Hausarsu ta mutanen Maraɗi.

"Malam, tunda ka san wurin, daga wannan Lisbon zuwa garinku na Jamus, jirgi awa nawa shika yi?"

Na tashi zaune kamar an buga ƙararrawar shiga aji. Na ce a ba ni zare. Baba ya ciro baƙin zaren da yake ɗinke rigunansa da shi. 'Yan ɗaki suka kewaye ni. Na buɗe shafin Turai, na ɗora bakin zaren a kan Lisbon, na ja shi zuwa Frankfurt, na danne da farce, na kai shi kan ma'aunin da ke ƙasan shafi.

"Kilomita dubu ɗaya da ɗari tara, ko ƙasa da haka kaɗan. Jirgi na cin kamar ɗari takwas a awa. Awa biyu da kusan rabi ke nan. A ƙara rabin awa na tashi da sauka. Awa uku. Ya tashi takwas, ya sauka sha ɗaya."

"Allahu Akbar," in ji Baba. "Da zare kawai!"

Abin takaicin shi ne lissafin nan daidai yake. Har yau duk wanda ya duba zai ga awa uku ne, ko da 'yan mintoci a kai. Da na yi kuskure a nan ma da na ji sauƙi.

Washegari muka tafi wani ɗan ofishin sayar da tikiti a unguwar Batha, ni da Baba da Sale, wanda ya ce zai raka mu don kada a cuce mu. Wani Basudane ne a kan tebur, mai furfura a gefen kai, ana ce masa Usman. Ya ce jirage biyu ne. Ɗaya ya tashi ƙarfe ɗaya na rana, kai tsaye, ya sauka Jidda bayan magariba, ka ga kafin motar Baba ta isa Makka da asuba Laminu na can yana jira. Ɗayan sai yamma, ya biya ta wata ƙasa, ba zai kai yaron Makka ba sai wajen la'asar ɗin Juma'a.

"Na ƙarfe ɗaya," na ce. "Sha ɗaya zai sauka. Yana da awa biyu."

"Ba ni lambar jirgin farkon in duba lokacin saukarsa," in ji Usman.

"Ba sai ka duba ba. Na lissafa."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ya Ustaz, tikitin nan biyu ne daban-daban. Sai ya ɗauki kayansa, ya sake shiga layi, kuma ana rufe kanta awa guda kafin tashi. In ya makara, tikitin ya ƙone. Minti ɗaya zai ɗauke ni in duba."

Da ni kaɗai ne da na bar shi ya duba. Na sha gaya wa kaina haka, wani lokacin har ina yarda. Amma Sale ya riga ya dafa teburin.

"Kai Basudane, ka san da wa kake magana? Mutumin nan a can ya yi karatu. Filin jirgin nan kamar tsakar gidansu ne. Ko ba haka ba, Malam?"

"Na san filin," na ce.

Usman ya mayar da tabaransa. "Halas, shi ke nan. Kai ka sani." Ya buga tikitin. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya sa a leda, ya sa ledar a cikin wata ledar.

Allah bai bar ni ba tare da gargaɗi na biyu ba. Muka tura wa Laminu hoton tikitin, da yamma sai ga saƙon muryarsa. Muryar mai ladabi ce, ta mutumin da bai taɓa shiga jirgin sama ba duk da nisan da ya yi.

"Malam, ina wuni, ya aiki. To ni dai takardar jirgina na ga kamar sha biyu da minti biyar ta ce za mu sauka. Ban sani ba ko ni ne ban gane ba."

Na danna na amsa, Baba na gefena yana murmushi. "Laminu, kada ka damu. Haka kamfanonin nan suke, suna ƙara lokaci a takarda don kada a ce sun makara. Awa uku ce tafiyar. Sha ɗaya za ka sauka."

"To Malam, na gode. Allah ya ƙara ilimi."

Addu'ar nan ta karɓu, sai dai ba ta hanyar da nake so ba.

Ranar Alhamis ina jingine da katangar makaranta, saura kaɗan a tashi yara, wayata ta yi ƙara. Bayan muryar Laminu ina jin hayaniya da wata mata tana sanarwa.

"Malam, sun ce an rufe. Na nuna musu takardar, sun ce an rufe tun ɗazu."

"An rufe me? Ƙarfe nawa yanzu?"

"Shi ne ban gane ba. Agogon hannuna ya ce sha ɗaya da minti arba'in. Na bangon nan kuma ya ce sha biyu da minti arba'in. Malam, wanne ne na gaskiya?"

Ina tsaye a Suwaidi, amma abin da nake gani aji uku ne a Funtuwa, yara sittin suna rera abin da ni da kaina na tsara musu: digiri sha biyar, awa guda, in ka yi gabas ƙara, in ka yi yamma rage. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da shi kowane zango na biyu. Na yi wa 'ya'yan mutane bulala a kansa. Tsakanin Lisbon da Frankfurt akwai kusan digiri goma sha takwas, kuma agogon Jamus na gaba da na Fotugal da awa guda. Zaren da na shimfiɗa ya tsallake layukan nan ɗaya bayan ɗaya a gaban idona. A ƙarshen littafin ma akwai shafin lokutan duniya, wanda na taɓa ja wa layi da jan biro. Ban buɗe shi ba, domin a lokacin ba taswira nake kallo ba, fuskokin masu kallona nake kallo.

"Na bangon ne na gaskiya," na ce.

Sai da na sauke yara goma sha huɗu a ƙofofi goma sha ɗaya kafin na kama hanyar Batha, inda motocin Umra ke lodi. Na tarar da Baba zaune a kan jakarsa, ya yi wanka, ya sa turare. A cinyarsa akwai farar jallabiya a cikin ledarta, wadda ya saya wa Laminu da ƙiyasin jikin da ya sani shekara tara baya. Laminu ya riga ya kira shi.

"Malam, mi ya hwaru?"

A nan ne wurin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Na dubi dattijon da ya dama mini kunu da geronsa na ƙarshe, na ce, "Jirgin farkon ne ya makara, Baba. Ka san Turawan yanzu."

Ya gyaɗa kai. Yaron mota na kiran a shiga. Na ce ko zai fasa, a nemi wani makon. Ya ce wane makon? Wata uku ya yi kafin ya sami wannan. "Bari in tahi. Wataƙila shi samu wani jirgin gobe. In ya zo ya iske ba ni nan hwa?"

Laminu bai sami jirgi gobe ba. Tikitin ya ƙone, zuwa da dawowa. Kwana biyu ya yi a kujerun filin jirgin nan da na ce na sani kamar tsakar gidanmu. Wata mai goge daɓe, mutuniyar Gana da ta tashi a zangon Kumasi, ta ji yana waya da Hausa, ta riƙa kawo masa burodi da shayi, ta nuna masa ɗakin da ake salla. Abokan aikinsa na gona suka yi karo-karo suka saya masa wani tikitin. Na Asabar da yamma ne, mai biyawa ta wata ƙasa. Ya sauka Jidda ranar Lahadi.

A safiyar Lahadin Baba ya shigo Manfuha da kai a aske da jallabiya a ledarta. Ya yi Umrarsa, sauran lokacin kuma ya zauna a ƙofar masallaci inda suka yi alkawarin haɗuwa, yana duban fuskar kowane baƙin saurayi. Da zai iya ƙin dawowa, amma kafili na iya kai ƙara cewa ma'aikacinsa ya gudu, daga nan sai kamu da kora. Ya ajiye jakarsa, ya raba mana zamzam a murfin jarka, ya sa rigar aiki ya tafi shago. Ni ya fara miƙa wa. Ban taɓa shan ruwa mai nauyin wannan ba.

Ɗansa na Makka, shi yana Riyad yana shara. Jirgin komawar Laminu kuma ranar Juma'a ne da azahar, don hutunsa ya ƙare. Saura dama guda: Baba ya sake shiga motar Alhamis. Ya roƙi Abu Fahad, Abu Fahad ya ce hutu ba ruwan famfo ba ne.

Ranar Litinin bayan la'asar na tafi shagon. Abu Fahad na zaune a bayan tebur yana jan carbi, Baba na can ciki yana naɗe darduma. Na tattaro Larabcina na littafi, wanda kullum ke ba su dariya, na ce ina da magana. Na ce jirgi bai makara ba. Na ce ni na zaɓi tikitin, an gargaɗe ni sau biyu na ƙi ji, na manta da bambancin agogo. Na ji naɗin darduma ya tsaya a bayana, ban waiga ba.

"Kai mene ne aikinka a ƙasarku?" in ji Abu Fahad.

"Malamin makaranta."

"Me kake koyarwa?"

Na gaya masa. Ya yi dariya har carbin ya faɗi. Ya kira maƙwabcinsa mai shagon labule ya ce in maimaita. Na maimaita. Da suka gama, ya share hawaye ya ce, "To, ya Ustaz, in na bar shi ya tafi, wa zai yi mini shara? Wa zai dafa shayi?"

"Ni."

A shekarun nan ana yawan samame, duk wanda aka kama yana aiki a wurin da ba na kafilinsa ba, sai jirgin gida. Ya san haka, na san haka. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"In sun zo ban san ka ba. Kai mai sayen darduma ne da ke sha'awar tsintsiya."

"Na yarda."

Na sami Baba a bayan shago yana wanke kofuna. Na tsuguna, abin da rabona da yi wa wani tun rasuwar mahaifina.

"Baba, akwai saura. Ban taɓa zuwa Jamus ba. Ban taɓa zuwa ko'ina ba. Daga Kano sai nan."

Bai ɗago ba. Ya ɗauraye kofi, ya kife shi, ya ɗauki wani.

"Na sani, Malam."

"Ka sani?"

"Wanda ya tahi gari ba shi auna shi da zare. Cewa shikai, na tashi da hantsi, na sauka da azahar, ƙahwata ta kumbura." Ya kife kofin. "Na san ba ka tahi ba. Amma na ɗauka littahin ya tahi."

Na ce littafin ya je, ni ne ban buɗe shafin ba. Na ce ya yafe mini.

"Bari in ga yaron tukuna," in ji shi. "Sannan mu yi wannan magana."

Haka na yi yammacin Alhamis, da yammacin Juma'a, da wunin Asabar ina shara a shagon darduma. Na gano cewa shara ma ilimi ce, kuma ba ni da shi. Darduma ba a share ta ta inda aka ga dama, sai ta inda gashinta ya kwanta. Shayina na farko Abu Fahad ya kurɓa ya ce a kai wa maƙiyi. Duk motar da ta tsaya a ƙofa sai in leƙa in ga ko masu samame ne. Masu samame ba su zo ba. Sale ne ya zo, ranar Juma'a bayan la'asar, cikin wankakkiyar riga, ya zauna a kujerar baƙi ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Labari ya riga ya kai Manfuha, ni na kai shi da bakina.

"Malam na Jamus! Shayi ɗaya. A kawo shi da agogon Riyad, don Allah, ba na Lisbon ba."

Na kawo masa. Ya kurɓa, ya ɓata fuska. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ni ma fa da bakina a ciki. Da na bar Basudanen nan ya duba." Ya miƙe ya karɓi tsintsiyar daga hannuna. "Kawo nan. Kana yi kamar mai goge allo."

Ranar Lahadi da safe Baba ya dawo. Wannan karon babu leda a hannunsa. Muka kewaye shi, ni ina daga baya-baya. Ya ce motarsu ta isa ana kiran asuba, ya sha wuyar ratsa jama'a, sai wajen ƙarfe shida ya kai ƙofar. Ya wuce Laminu sau biyu bai gane shi ba, don yaro yake nema, ga shi kuwa ƙato mai gemu. Laminu ne ya gane tafiyarsa. Suka yi ɗawafi tare, Laminu na riƙe da hannunsa kamar shi ne uban. Suka ci wake da burodi a bakin titi. Jallabiyar ta tsaya wa Laminu a ƙwauri, ta matse shi a kafaɗa, amma ya ƙi cirewa, da ita ya shiga motar Jidda da ƙarfe tara.

"Daga shida zuwa tara," in ji Sale. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan." Baba ya leƙo ta kafaɗar mutane har ya same ni. "Awa uku, Malam. Daidai Lisbon zuwa garinku. Ka ga lissahinka bai ɓaci ba."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Har yau ban san ko yafiya ce ko bulala ba, ina jin duka biyun ne, kuma ɗaya ce kawai na cancanta daga ciki. Kwana biyu aka ba bawan Allah nan bayan shekara tara, na mayar masa da su hantsi guda. Ban ji sun sake haɗuwa ba har na bar ƙasar.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani agogon roba baƙi, ya miƙo mini.

"Laminu ya ce a ba Malam. Ya ce kada ka gyara shi."

Agogon da ya sauka da shi a Frankfurt ne, yana nan a kan lokacin Lisbon, awa biyu bayan na Riyad. Na ɗaura shi a gaban kowa, don na gane hukunci ne, kuma mai sauƙi. Sai bayan kwanaki, ina jingine da katangar makaranta ina tunanin ko Hajara ta ɗora girkin rana, na lura da wani abu. A watannin bazararsu agogon Lisbon da na Funtuwa ɗaya ne. Ashe lokacin gida nake ɗauke da shi a hannu. A ranar na kira ta na gaya mata ainihin aikin da nake yi a ɓangaren sufuri. Ta ce ai ta daɗe da sani, tana jiyo hon. Da alama a duk duniya ni kaɗai ne ƙaryata ta taɓa ruɗa.

Bayan shekara biyu na dawo gida. Da jirginmu ya doshi Kano, na ga mutane suna murɗa agogunansu baya. Ni ban taɓa nawa ba.

Na koma aji. Littafin na nan, bangonsa ya rabu, zaren Baba na maƙale a shafin Turai. Duk zango na biyu in muka zo darasin nan, nakan sa yara su rera digiri sha biyar, awa guda, amma na daina zuwa da bulala. Kuma kusan kowace shekara sai an sami mai ɗaga hannu daga bayan aji, ya ce, "Malam, kai ka taɓa zuwa Turai?"

"Ban taɓa ba," nakan ce. "Ku buɗe shafi na ƙarshe."